Ɗakin Taubashi

Wanda ya ba mu aron rai ya karɓi na mijin yayata, wata Talata da hantsi, a gidansa na Jega. Daga gare shi muka fito, can kuma kowa ya nufa.

Bai yi doguwar jinya ba, shi ya sa mutane da yawa suka ji rasuwar kafin su ji ciwon. Kafin azahar zaure ya cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. 'Yan albasa suka ce ba su taɓa zazzage buhunsa sun tarar da ruɓaɓɓiya a ƙasa ba. Direbobi suka ce in ya shiga motarka ba ya koya maka tuƙi, wanda a wurinmu babban yabo ne. Wansa, da ido ya riga ya yi masa rauni, ya ce, "Allah shi gahwarta mishi gudun nan da yay yi." Aka ce amin, wasu suna kallon ƙasa.

Wata mata ta zo daga Sarandosa tana ɗingishi, babu wanda ya san ta a gidan. Ta ce ba dangi ba ce, ta dai taɓa kwanciya a ɗakunansa na Aliero lokacin da ta karye. Ta yi gaisuwa, ta sha ruwa, ta koma. Yayata kuwa, da na shiga wurinta, idonta a bushe yake. Ta dube ni ta ce, "To, yau dai ya zamna wuri guda."

Wanda ya makara shi ne taubashinsa, ɗan gwaggonsa, babban dillalin albasa na Aliero. Ya sauko daga mota an riga an yi salla an ɗauki makara, kuma kowa ya san masu ɗaukar makara ba sa jan ƙafa. Da aka nuna masa hanya, sai ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya sheƙa a guje. Tsoho ne, ga jiki, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. A bakin maƙabarta ya cim mana, ya ɗora hannu a kan makarar yana haki. Babu wanda ya yi dariya, ko da yake duk wanda ya san su biyun ya san abin da ya gani.

Ni ƙanen matar marigayin ne, direban babbar mota mai ɗaukar albasa. Wasa ne tsakanina da shi tun ranar da ya auri yayata, don haka na san shi ta wajen da masu jin nauyinsa ba su sani ba. Yaran gidan sun fara kiransa tsohon da ya yi gudu, ba su san abin da ya kore shi ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Abin ya faro daga ƙafarsa ta hagu. Wata shekara mota ta kife da shi da buhunansa a hanyar Aliero. Ba motata ba ce, gara in faɗa tun da wuri. Ƙafar ta karye a ƙauri, aka kai shi wurin masu ɗori na Aliero, inda mutane ke zuwa daga nesa da karayarsu. A lokacin babu ɗakin da zai ɗauke su duka. Wanda bai sami wuri ba sai a kafa masa zana a gindin darbejiya, a ɗaure ƙafar da kara da tsumma, a ce kada ya motsa. Shi kuma damina ce ta same shi a can. In hadari ya taso, mai ƙafa biyu ya ruga, mai karaya ya zauna ya jira ruwa ya same shi inda yake. Yayata kan rufe shi da tabarma ta tsaya a kansa. Akwai wani mutum kusa da shi da ba shi da mai jinya, wannan mutumin mijin yayata bai daina zancensa ba har ya mutu.

Ya tashi, ƙafar ta ɗan fi ɗayar gajarta. Daga nan in an tambaye shi jiki sai ya ce, "Wagga ƙahwa ba tawa ba ta, mutanen Aliero sunka ba ni aro." Duk ranar kasuwar Aliero kuma sai ya biya wurin masu karaya da tulun kunu. Ba ya dogon jawabi. Ya tsuguna, ya ɗaga kai ya duba zanar da ke kan mutum, ya tambaye shi ta ina ruwa ke shigowa.

A farkon shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa yana neman abin da zai yi a ce an yi. Wasu malaman makaranta da 'yan bautar ƙasa suka shirya gudun fanfalaki, daga Maiyama a ratsa Jega a ƙare a Aliero. Tsarinsu shi ne duk mai gudu ya nemi masu yi masa alkawarin wani abu don aikin alheri, in ya kai ƙarshe su cika. Samari aka yi wa shirin. Babu wanda ya tuna ya ce ban da mai furfura, don babu wanda ya zaci mai furfura zai zo.

Mijin yayata ya ce zai yi, don a gina wa masu karaya ɗakuna. Mai ɗori ya ba da fili a bayan gidansa. Wani mai buga bulo ya yi alkawarin bulo, wani ya ce azara tasa ce. Saura kwanon rufi, wanda shi ne mai tsada. Ina tsaye a rumfar taubashin ana yi mini lodi ranar da aka yi maganar. Su biyun ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba: shi yana ce masa Gurgu, mijin yayata yana ce masa Buhu saboda tumbinsa. Taubashin ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Gurgu, kai da ko akuya ba ka kamawa? In ka zaka daga Maiyama har nan da ƙahwahun ga naka, guda ta hi guda, kwanon ruhi duka nawa na."

"Gaban mutane ka hwaɗa, Buhu."

"Na hwaɗa. Har ƙusa."

Rumfa ta ɗauki dariya. Duk wanda ke wurin ya san maganar taubashi ba a riƙe ta. Taubashi zai ce ya ba ka gonarsa, ya ce ya sayar da kai a kasuwa, ba kyauta aka yi ba, ba ciniki aka yi ba. Mijin yayata ya san haka fiye da ni. Amma yana son kwanon nan ƙwarai, sai ya ji maganar da kunnen da yake so.

Wahalar farko ba numfashi ba ce, mutanen Jega ne. A wurinmu magidanci ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilan ba su da yawa: gobara, ɓarawo, ko taɓin hankali. Ran da ya fara gwaji bayan sallar asuba, ya bi ta unguwa a guje, sai maƙwabcinsa ya fito da bokiti. Mahauta da ke hanyar mayanka suka bi bayansa da sanduna. Kafin ya kai bakin gada rabin unguwa na biye da shi, wasu har sun wuce shi. Da ya tsaya yana haki suka kewaye shi.

"Ina shike? Ina ɓarawon?"

Ya ce motsa jiki yake yi. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa a hankali ya ce a raka shi gida.

Sai ya sake dabara. Ya lura wanda dabba ta kuɓuce wa ba a ce masa mahaukaci, don haka ya riƙa sakin ɗan akuyar yayata a bakin fadama yana binsa. Wannan ma bai yi ba, saboda mutanenmu ba sa ganin dattijo na wahala su ƙyale. Ko nisan jifa bai yi ba wani zai tare ɗan akuyar, ya kawo masa har hannu, shi kuma dole ya yi godiya.

A ƙarshe ni aka ɗora wa. Wanda mota ta tafi ta bari, an yarda ya yi gudu. Ya ce in na tashi fita da safe in riƙa tafiya a hankali, shi yana biye yana ɗaga hannu kamar fasinja. Haka muka yi ta yi a hanyar Maiyama tun ana girbin gero har albasa ta yi kai. Shi ya sami numfashi, ni na sami zagi. Babu ƙauyen da ba a tsine mini ba. Wata tsohuwa mai tallar fura ta jefi motata da dutse, ta ce Allah ya nuna mini tsufa. Na gaya masa, ya ce ai addu'a ta yi mini.

A gida ma bai sha da daɗi ba. Yayata ta ce ita dai ba a gaya mata doki ta aura ba, amma kullum ya dawo ruwan zafi na kan wuta, ta gasa masa ƙaurin da tsumma tana mita. Wansa ne ya ɗauki abin da zafi. A lokacin mijin yayata ne ake sawa gaba in za a je neman aure ko sasanta rigimar gona, don yana da sanyin baki. Wan ya kira shi zaure ya ce, "Wa za ya ba mu ɗiya, in sunka ga mai roƙon shi na yab bi mota da gudu jiya?" Ya ce masa ya zaɓa. Mijin yayata ya ce masu karaya ba su san da wannan ba. Daga ranar ba a sake sa shi gaba ba, har ya koma ga Allah. Abin ya yi masa ciwo, na sani, don duk ran da aka tafi neman aure ba da shi ba, sai ya wuni a fadama.

Ranar gudun na kai shi Maiyama. Samari sun sha gajeren wando da kambas. Shi ya zo da 'yar shara da wandonsa na gona a naɗe zuwa ƙauri, da takalmin roba irin na makiyaya, da hula. Malamin da ke raba lamba ya roƙe shi ya cire hular, ya ce ba zai ratsa garuruwa uku kai a buɗe ba. Dangin uwarsa sun zo daga Gumbin Kure, sun tsaya gefe guda kamar waɗanda suka zo rakiyar marar lafiya.

Aka busa usur. Samarin suka ɓace. Ni aka ce in bi baya da mota, kada in ɗauke shi ko ya roƙa.

Gudunsa ba kyau gare shi ba, yana tafiya yana karkata hagu, amma ba ya tsayawa don gajiya. Abin da ke tsayar da shi gaisuwa ce. Ba zai iya wuce dattijai a zaune ya ɗaga musu hannu kawai ba. Sai ya rage gudu, ya ratse, ya rusuna: ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi. Su kuma sai sun tambaye shi ko lafiya, sai ya yi bayani, sai sun yi masa addu'a, sai ya shafa. Na leƙo na ce masa, "Yaya, wanga ba yawon salla ba na, tsere akai." Ya ce, "Tseren ya ƙare yau, su ko gobe ina ganinsu." Motocin da suka wuce mu kusan duk sun tsaya sun ce ya shigo, kowanne kuma sai da ya ba shi haƙuri.

A Jega ya yi azahar cikin jam'i da lambarsa a ƙirji. Yayata ta aiko da kunu, ya sha a tsaye. Daga Jega zuwa Aliero ne ƙafar aron ta tuna masa ba tasa ba ce. Ƙaurin ya kumbura har takalmin ya ƙi zama, ya cire ya riƙe a hannu. Gudun ya koma sassarfa, sassarfar ta koma wani abu da ban san sunansa ba. Sau ɗaya ya dafa ƙofar motata, na zaci zai ce in buɗe. Sai ya ce, "Matsa gaba, hayaƙinka na damuna."

Mun shiga Aliero bayan la'asar. Masu shirin sun daɗe da kwance igiyarsu sun raba kyaututtuka, malami ɗaya ne ya tsaya jiransa don ya shaida. Amma kasuwa ba ta watse ba. Mutane suka dare masa hanya, ya wuce kai tsaye rumfar taubashinsa, ya tsaya a gabansa ƙafa ba takalmi.

"Buhu, ga ni. Kwano."

Taubashin ya dube shi daga sama har ƙasa. Ina ganin ya tsorata da abin da ya gani, kuma bai san yadda ake fita daga wasa a gaban jama'a ba. Sai ya yi abin da ya saba, ya fashe da dariya.

"Kai Gurgu, ashe da gaske kaka yi? Ai wasa nika yi! Wa ka riƙe maganat taubashi?"

Wasu suka taya shi dariya, don bisa al'ada shi ke da gaskiya. Ba a fushi da taubashi, ba a kai ƙararsa. Mijin yayata ya tsaya har numfashinsa ya daidaita. Sannan ya rusuna kaɗan, ya ce, "To, Alhaji. Allah shi ba da kasuwa." Ya juya.

Tun daga ranar bai sake ce masa Buhu ba. Bai yi gaba da shi ba, wannan da sauƙi ne. Girmama shi ya shiga yi. In sun haɗu ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, ya ba shi hanya ya wuce. A wurin biki ya miƙe ya ba shi wurin zama. Taubashin zai zage shi, ya ce masa gurgu, ya fizge masa hula, shi kuwa sai ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Alhaji." Na ga mutanen da aka yi wa duka ba su rame kamar yadda wannan ladabi ya ramar da dillalin nan ba.

Ɗakunan dai an gina su, jere guda. Waɗanda suka ga shigowarsa kasuwa suka kawo kwano, direbobi da mahauta da 'yan albasa, kowa da abin da ya samu, wani sabo wani tsohon da aka ciro daga rumfa. Rufin ya fito kala-kala. Da aka zo ɗakin ƙarshe, kwano na nan ya isa, sai mijin yayata ya hana. Ya ce wannan na Alhaji ne, kada a shiga hakkinsa. Aka ɗora azara aka bar shi a buɗe, kuma duk Aliero ta san ɗakin wane ne.

A nan ba na bayansa, na kuma gaya masa yana da rai. Shekara da shekaru, in wuri ya cika, akan kwantar da mai karaya a ɗakin nan a kafa masa zana, ruwa ya same shi kamar yadda ya sami mijin yayata a gindin darbejiya. Mutumin da ya ba da girmansa don kada wani ya jiƙe, shi ne ya bar ɗaki a buɗe don ya ci gardama. Yakan kai wa na ɗakin leda da kunu fiye da na kowa, amma leda ba kwano ba ce. Da na faɗa masa haka sai ya ce in je in duba tayar motata.

Taubashin ma kansa ya yi tauri. Ya taɓa tare ni a tasha ya ce, "Hwaɗa mishi shi ce min Buhu sau guda, gobe in ruhe ɗakin." Na kai saƙo. Mijin yayata ya ce, "Hwaɗa ma Alhaji shi ruhe, ya ji abin da za ni ce mishi." Na kai wannan ma. Daga nan na daina, don ni albasa aka ɗauke ni in kai, ba magana ba.

Da ya kwanta ciwon ajali na zauna kusa da shi, na ce damina ta kusa, ya bar ni in rufe ɗakin nan da kaina a huta. Sai ya ce, "Bar mishi. Shina zuwa. Nauyin jiki gare shi, ba ya sauri." Ya yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ya yi ba in ana zancen mutumin.

Bayan addu'ar bakwai taubashin ya aiko a kira ni da mota. Na tarar da kwano a jingine a rumfarsa, sabo, da ƙullin ƙusa a kai. Bai yi mini bayani ba, ban tambaya ba. Muka ɗora, ya shiga gaba, muka tafi bayan gidan mai ɗori. Akwai wani Bafulatani kwance a ɗakin da karaya a cinya, aka ɗauke shi da tabarmarsa aka fitar da shi inuwa. Kafinta ya hau.

Taubashin ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon sama tana raguwa, falle bayan falle. Da ya rage kaɗan a gama, sai ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda yake yi a kasuwa.

"Gurgu! Ga kwanonka. Har ƙusa."

Ya karkata kai gefe guda, yadda ya saba yi in ya jefa magana yana jiran a rama. Ya daɗe a haka. Kafinta ya tsaya da guduma a hannu yana dubansa, sannan ya ci gaba da bugu.

Na ce Allah ya jiƙan mijin yayata, ya yafe masa, ya sa ya huta. Taubashin ya ce amin. Ya ce a mai da Bafulatanin ciki, shi kansa kuma in kai shi gida.